Fari da Yunwa a Tarihin Noma da Kiwo a Ƙasar Hausa: Shaidar Sunaye da Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Hausa tana cikin yankin da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, a arewacinta ma sau da yawa wata uku ne kacal. Hatsin da manomi zai ci shekara, da ciyawar da dabba za ta rayu a kai har wata daminar ta kewayo, duk a cikin wannan ɗan lokaci ake samar da su. Idan ruwa ya makara, ko ya ɗauke ana tsakiyar aiki, to shekara ta tafi ke nan. Saboda haka tarihin noma da kiwo a wannan ƙasa, a wani ɓangare, tarihi ne na yadda aka zauna da fari.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin dabarun da manoma da makiyaya suka yi amfani da su wajen jure fari da zafin bazara, tun daga zamanin sarakunan Haɓe har zuwa yau. Za a dogara ga shaida iri biyu, wato abin da aka rubuta a tarihi da abin da harshe ya adana na sunaye da kalmomi. Abin da ake son nunawa shi ne, ƙarancin ruwa shi kaɗai bai cika zama yunwa ba. Jama'a sun gina wa kansu garkuwa hawa-hawa a gona da rumbu da daji da garke da kuma zumunci. Babbar yunwa takan auku ne a lokacin da yaƙi, ko annoba, ko haraji, ko rufe hanya suka riga suka raunana wannan garkuwa kafin farin ya iso.

2.0 Fari, Bazara da Yunwa

A rubutun boko na yau da kullum, inda ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, kalmar fari tana ɗaukar ma'anoni da dama. Akwai launi, akwai jam'in fara, akwai farko, akwai juya idanu irin na mata, sannan akwai ɗaukewar ruwan sama. Wannan ma'ana ta ƙarshe ita ce abin nufi a nan. A wurin manomi, fari shi ne ruwa ya tsaya bayan an yi shuka. Yawan ruwan da ya sauka a shekara bai dame shi ba kamar yadda rabuwarsa ta dame shi. Mako biyu ko uku ba ruwa a lokacin da tsiro yake ƙarami, ko lokacin da gero ya yi ciki yana shirin fitar da kai, ya isa ya lalata gona ko da daga baya an yi marka mai yawa.

Bazara kuwa ita ce ƙarshen rani, daga watan Maris zuwa saukar ruwan farko. A wurare irin su Sakkwato da Nguru da Maraɗi zafin rana yakan haura digiri 40 a wannan lokaci. Tabkuna sun ƙafe, ciyawa ta ƙare ko gobara ta cinye ta, rijiyoyi sun yi nisa. A bazara ne dabba takan rame, nono ya ragu, kaji su yi ta mutuwa. Idan daminar da ta gabata ta yi fari, to wahalar bazara takan ninka.

Ita ma yunwa iri biyu ce. Akwai ƙuncin da talaka ya saba da shi kowace shekara a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba, wanda fitowar tumu ke kawo ƙarshensa. Akwai kuma babbar yunwa, wadda ke tayar da gari ta raba uwa da ɗa. Irin wannan ce ake raɗa wa suna kamar yadda ake raɗa wa mutum, har tsofaffi su riƙa ƙidaya shekarun haihuwa da aure daga gare ta.

3.0 Garkuwar Manomi da Makiyayi Kafin Zuwan Turawa

3.1 A Gona

Garkuwar farko ita ce iri. Gero yana nuna cikin kimanin wata uku, yana kuma jure yashi da ƙarancin ruwa fiye da sauran hatsi. Maiwa, wadda danginsa ce, tana ɗaukar lokaci mai tsawo, ba a girbe ta sai bayan ruwa ya ɗauke. Dawa, kamar ƙaura da farfara, tana son ƙasa mai ɗan nauyi, kuma idan fari ya same ta takan nannaɗe ganye ta dakata har ruwa ya dawo. Manomi ba ya zaɓar ɗaya ya bar sauran. Yakan haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, ta yadda idan farin farkon damina ya kashe wani, na ƙarshenta ba zai kashe duka ba. Gero ya fita da wuri ya kashe yunwa, dawa ta ci ruwan ƙarshe, wake kuma ya shimfiɗu ya rufe ƙasa, ya bar harawa ga dabbobi. Jami'an gona na zamanin Turawa sun daɗe suna ɗaukar wannan gauraye a matsayin rashin tsari. Sai a shekarun 1960 da 1970 binciken David Norman da abokan aikinsa na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi kusa da Zariya, ya tabbatar da cewa haɗa shuka ya fi shuka iri ɗaya ba manomi tabbacin samun wani abu kowace shekara.

Kalmomin aikin gona su ma suna nuna yadda aka san halin ruwa. Binne shi ne shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, domin tsiro ya ci gajiyar ruwan farko. Kasada ce, don idan yayyafi kawai aka yi, irin zai tsiro rana ta ƙone shi, sai an sake shuka sau biyu ko uku. Amma irin gero ƙanƙane ne, kaɗan ya isa gona, saboda haka asarar ba ta kai ribar ba. Gicci kuwa shi ne gitta layukan hatsi a cikin gonar gyaɗa, don kada a rasa abinci ko da an yi noman sayarwa. Haka nan an rarrabe ƙasa da sunaye, akwai jigawa, akwai laka, akwai fako, akwai fadama. Magidanci mai hangen nesa yakan nemi gona a jigawa da wani yanki a fadama. Shekarar da ruwa ya yi yawa jigawa ta ba shi, shekarar fari kuma fadama ta rufa masa asiri, da rani ya kafa jigo ya yi lambu.

Itatuwan gona ba a bar su don inuwa kawai ba. Gawo ya sha bamban da sauran itatuwa, domin da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore. Bai tare wa shuka rana ba, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin awaki da tumaki ne a bazara, inuwarsa kuma ita ce mafakar dabbobi da tsakar rana. Kashin da suka bari a gindinsa shi ya sa geron ƙarƙashin gawo ya fi na sarari kyau. Ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya su ma kowace da abin da take bayarwa a lokacin da gona ba ta ba da komai.

3.2 Rumbu, Daji da Zumunci

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Hatsi ana ajiye shi ne da zangarniyarsa, dami-dami, a rumbun kara ko rufewar ƙasa, kuma gero da aka adana haka yakan yi shekaru bai lalace ba. A tsarin gandu, maigida ne ke riƙe da babban rumbu. A wurare da yawa akan rufe shi bayan kaka, a ci abin da aka samu daga gayauna da sana'a, ba a buɗe shi sai damina ta faɗi ana bukatar ƙarfin noma. Daga nan ne ma'anar cin rani take fitowa sarai. Samari su bar gida su tafi wani wuri da sana'a ko ƙwadago ko almajiranci, su ciyar da kansu a can har rani ya wuce. Ko ba su dawo da kuɗi ba, bakin da suka ɗauke daga rumbu riba ce.

Idan rumbu ya ƙare sai a koma daji. Sunayen abincin yunwa suna da yawa a Hausa: tafasa da gasaya da yaɗiya da lalo a cikin ganyaye, aduwa da magarya da goriba da ɗinya a cikin 'ya'yan itace, muruci da bado a cikin abin da ake tonowa. Akwai waɗanda ba a taɓa su sai wuya ta yi wuya. 'Ya'yan anza suna da ɗaci da guba, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Ana sussuke ƙarangiya a fitar da ƙwayarta, ana kuma haƙa gidan tururuwa a kwashe hatsin da ta tara. Sanin waɗannan abubuwa, da yadda ake sarrafa su, ilimi ne da galibi mata suka riƙe suka gadar.

Hawa na gaba shi ne jama'a. Gayya tana taimakon wanda ciwo ko rashi ya hana shi noma a kan kari. Zakkar hatsi, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, a zamanin Daular Sakkwato hatsi ake karɓa, kuma wani kaso yakan zauna a rumbunan masu gari da hakimai, inda mabukaci zai iya kai kuka. Sarkin noma, wanda ya kai ga noma dami dubu, ana sa ran ya buɗe rumbunsa ranar tsanani. Sai dai ba dukkan hulɗar ba ce ta jinƙai. Akwai falle, wato cin bashin hatsi da damina a biya da ƙari mai yawa da kaka, akwai kuma jinginar da gona. Waɗannan kalmomi shaida ne cewa fari yakan ƙara wa mai shi, ya rage wa maras shi.

Garkuwar nan ba ta hana yunwa gaba ɗaya ba. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci wata yunwa ta shekara 11 a zamanin Sarki Muhammadu Zaki (1582-1618), kuma ya ambace ta ne tare da harin Kwararrafa da na Katsinawa. Ya kuma nuna cewa Sarki Muhammadu Alwali (1781-1807) ya tara gero da dawa don gudun yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwar ta cim masa. A ƙarni na 19 ana tunawa da yunwar Banga-Banga ta wajen 1855 a ƙasar Kano. Abin lura a misalin Muhammadu Zaki shi ne yunwar ta daɗe ne a lokacin da yaƙi ya hana mutane zama a gonakinsu.

3.3 Makiyayi da Garkensa

Babbar dabarar makiyayi ita ce tafiya. Da damina Fulani sukan yi arewa ko su hau tudu, nesa da gonaki da tsando. Da kaka su sauko su ci karan gona, da rani kuma su kafa mashekari kusa da fadamun manyan koguna irin su Rima da Haɗeja. Wannan zirga-zirga ta dogara ga abubuwa uku da harshe ya ba su suna: burtali, da makiyaya, da mashaya. Ta kuma dogara ga yarjejeniya da manomi, wanda yakan gayyaci Bafillace ya zauna a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, shi kuma ya ba da hatsi. A karkarar Kano, inda ƙasa ta yi kaɗan, an bi wata hanya dabam: a ɗaure awaki da tumaki a turke da damina, a ajiye musu harawa da dusa da kowa don rani, a kwashe takinsu a mangala a kai gona a kan jaki.

Irin dabba shi ma zaɓi ne da aka yi saboda yanayi. Bunaji farare ne, gashinsu ba ya riƙe zafin rana. Rahaji, jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙafafu, suna iya doguwar tafiya tsakanin ciyawa da ruwa. Bokoloji na ƙasar Sakkwato, da tumakin Uda da Balami, da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, kowanne ya dace da wurinsa. A bazara makiyayi yakan fita kiwo da asuba ko da dare, ya kwantar da garke a inuwa idan rana ta take, ya sassaro musu ganyen itatuwa, ya ba su kanwa. Yakan raba garke biyu, masu ƙarfi su yi nisa, masu nono su zauna kusa da ruga. Wanda kuma ya yi asara, danginsa sukan ba shi aron saniya ya riƙe har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, al'adar da Fulani ke kira haɓɓanaye.

Abin da ya fi karya makiyaya a ƙarshen ƙarni na 19 annoba ce. Cutar bushiya ta ratso daga gabashin Afirka ta iso wannan yanki wajen 1890 zuwa 1891, ta kashe mafi yawan shanu. Fulani sun kira ta Sannu, da kalmar jaje da aka yi ta faɗa wa juna. An shiga ƙarni na 20 garkuna ba su gama farfaɗowa ba.

4.0 Zamanin Turawa: Daga Kakalaba Zuwa 'Yar Gusau

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawan Ingila sun haɗe harajin gargajiya iri-iri, har da zakkar hatsi, suka mai da su haraji guda da ake biya da kuɗin Bature. Wannan ya sauya abubuwa biyu. Hatsin zakka ya daina taruwa a rumbunan gari, manomi kuma ya zama dole ya nemi kuɗi da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Makiyayi shi ma jangali yana jiransa a kan kowace saniya, ko shekara ta yi kyau ko ba ta yi ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe da farashin da ya ja hankalin manoma ƙwarai, aka ƙara mata fili a gonaki.

Daminar 1913 ta zo da fari mai tsanani tun daga Senegal har Chadi. Yunwar da ta biyo baya a 1914 ita ce Kakalaba, wadda ta fi kowace yunwa ta ƙarni na 20 kisa a ƙasar Hausa. Jama'a sun kwararo daga yankin mulkin Faransa da arewacin Katsina da Daura da Gumel suka yi kudu, da yawa suka mutu a hanya. A lardin Kano kaɗai dubban mutane ne suka rasu. Agajin gwamnati ya zo a makare kuma bai taka kara ya karya ba, ba a kuma daina karɓar haraji ba. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina ya fitar da littafinsa a 1983, ya kafa hujja da wannan yunwa wajen nuna cewa mulkin mallaka ya rushe tsohuwar garkuwa bai kafa wata a madadinta ba.

Sunayen yunwar da suka biyo baya suna nuna inda idon jama'a ya koma. Ta 1927 ana kiranta Mai Buhu, saboda buhunan da aka riƙa shigo da abinci a cikinsu. Ta 1942 zuwa 1943 ita ce 'Yar Gusau, da sunan garin da mutane suka riƙa dosa neman hatsi. A lokacin ana Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati tana tara hatsi don soja da ma'aikatan haƙar kuza a Jos, tana kuma kwasar majiya ƙarfi zuwa aikin tilas a can. Buhu da garin da ke bakin layin dogo sun maye gurbin dami da rumbu. Wannan sauyi yana da fuska biyu. Jirgin ƙasa da mota sun sa ana iya kawo abinci daga nesa, shi ya sa ba a sake ganin mace-mace irin na Kakalaba a ƙasar Hausa ta Nijeriya ba. Amma daga nan tsira ta koma hannun wanda yake da kuɗin saye.

5.0 Farin 1972-1974 da na 1983-1985

Shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960 shekaru ne na wadatar ruwa. Noma ya ci daji ya yi arewa, dalar gyaɗa ta tashi a Kano, garkuna suka ƙaru saboda allurar rigakafin bushiya da sababbin rijiyoyi. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi nufin kare wuraren kiwo, amma kaɗan ne aka tabbatar. Daga 1968 ruwa ya fara ja baya, ya kai maƙura a 1972 da 1973. A 1973 ruwan da ya sauka a Kano kusan rabin abin da aka saba ne. Farashin hatsi ya tashi, na dabbobi ya faɗi warwas, har saniya ba ta sayen hatsin da akuya ke saye a da. A Nijar, zargin wawure kayan agaji yana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. A 1975 kuma cutar da kwari ke yaɗawa ta lalata gyaɗar arewacin Nijeriya, kuma cinikinta zuwa ƙasashen waje bai sake komawa yadda yake ba.

Michael Mortimore, wanda ya bi rayuwar ƙauyen Dagaceri na ƙasar Haɗeja tun daga wannan fari har bayan na 1984, ya nuna cewa agajin gwamnati kaɗan ne cikin abin da ya raya mutane. Abin da ya raya su shi ne saƙar tabarma da tufkar igiya daga kaba, da abincin daji, da sayar da ƙananan dabbobi, da cin rani zuwa biranen da kuɗin man fetur ya buɗe wa ayyuka. Makiyaya da yawa sun yi kudu zuwa tsakiyar Nijeriya ba su koma ba, wasu kuma suka rage shanu suka ƙara awaki da tumaki da raƙuma.

Amsar gwamnati ita ce manyan madatsun ruwa. An kammala Tiga a 1974, Bakolori a 1978, daga baya Goronyo da Challawa suka biyo, aka kuma kafa hukumomin raya kogunan ƙasa a 1976. Tiga ta samar da noman rani a yankin Kadawa da ruwan sha ga Kano, amma ta rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, inda manoma da masunta da makiyaya suka dogara tun fil azal. A Bakolori, rikicin diyyar gonaki ya kai ga 'yan sanda sun kashe manoma da yawa a watan Afrilu na 1980. Aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi kuwa, tafkin ne ya janye ya bar magudanansa a bushe, domin faɗinsa ya ragu daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980.

Farin 1983 da 1984 ya zo tare da dawowar bushiya. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, ba a buɗe su ba sai 1986. Ga Hausawan Nijar wannan ya toshe hanyar hatsi da hanyar cin rani a lokaci guda, shi ya sa suka kira yunwar El-Buhari, wato 'Yar Buhari a karin harshensu. Ginin sunan ɗaya ne da na 'Yar Gusau, domin yunwa kalma ce ta mace. Amma a nan an jingina ta ga wanda ya rufe hanya, can kuma ga inda hanya ta kai.

6.0 Komawa ga Tsofaffin Dabaru

Abubuwan da suka fi tasiri bayan 1985 ƙanana ne, kuma yawancinsu gyaran tsohuwar dabara ne. Ƙaramin injin ban-ruwa da rijiyar bututu marar zurfi sun maye gurbin jigo a fadama ta hannun hukumomin raya aikin gona na jihohi, sannan shirin fadama na ƙasa da aka fara a farkon shekarun 1990 ya yaɗa su. Cibiyoyin bincike sun fitar da gero da dawa da wake masu nuna da wuri, kamar geron SOSAT, manoma kuma suka saka su cikin gaurayen da suka saba. A yankin Tawa an farfaɗo da fako ta hanyar tassa, wato haƙa ƙananan ramuka da rani a zuba taki, su tare ruwan farko a shuka a ciki. A yankin Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo da manoman da ya yi aiki da su sun ƙarfafa barin tohon kututture a gona, a rage shi a bar ƙwarara su zama itace. An kira wannan sassaben zamani, kuma an ƙiyasta cewa ya dawo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, gawo yana cikin na gaba. A 2011 aka bayyana kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya.

Ruwa ya ɗan farfaɗo tun daga shekarun 1990, amma yana zuwa da ƙarfi a ɗan lokaci, ga ambaliya kamar ta 2012 da 2022, ga kuma zafi irin wanda ya addabi yankin Sahel a bazarar 2024. Garkuwar da ta fi rauni a yau ita ce ta makiyayi. Gonaki sun cinye burtali, noman rani ya rufe mashaya, karan gona ya zama abin sayarwa, takin zamani ya rage bukatar manomi ga shanun Bafillace. Rashin tsaro a Zamfara da Katsina da Sakkwato ya hana manomi gonarsa ta nesa, ya hana makiyayi hanyarsa, kamar dai yadda yaƙi ya yi a zamanin Muhammadu Zaki.

7.0 Kammalawa

An ga cewa duk babbar yunwar da aka ambata tana da abokin tafiya bayan ƙarancin ruwa: yaƙi, ko bushiya, ko harajin kuɗi, ko tara hatsi don soja, ko rufe iyaka. An kuma ga cewa sunayen da jama'a suka raɗa, irin su Mai Buhu da 'Yar Gusau da El-Buhari, sun fi nuni ga hanyar samun abinci da wanda ya tare ta fiye da sararin sama. Wannan hukunci ne na tarihi da talakawa suka yanke da harshensu.

A nan akwai aiki ga masana harsuna. Littafin sunayen tsirrai na Dalziel na 1916 da ƙamusun Bargery na 1934 sun tattara kalmomin noma da kiwo masu yawa, amma sunayen yunwa sun bambanta daga gunduma zuwa gunduma, kuma ba a tattara su wuri ɗaya ba. Haka sunayen irin gero da dawa na gargajiya, da na ciyayi, da matakan sarrafa anza da ƙarangiya. Waɗanda suka ga Kakalaba sun ƙare, waɗanda suka ga 'Yar Gusau da wayonsu sun haura shekara 85. Waɗanda suka yi noma da kiwo a farin 1973 suna nan da sauransu a ƙauyuka da rugage, kuma a bakinsu ne za a samu waɗannan kalmomi da ma'anarsu, a Hausa da Fulfulde da Kanuri da Zabarmanci.